Rasuwar Baƙo, Amfilifayan da Aka Haƙa wa Bango

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda takaici ya ƙara wa nauyi, Likitan Haƙori da iyalinsa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka sha ƙarar guduma wata biyu ba su kai ƙara ba, rasuwar amfilifayan gidansu, wato injin ƙara sautin kiɗa, wanda aka fi sani da Baƙo. Ya rasu ranar Asabar da hantsi a kan kantarsa da ke falo, a gaban mai shi, bayan gajeruwar rashin lafiya da ba ta kai ƙiftawar ido uku ba. Shekara ɗaya da wata biyu ya yi a gidan.

Marigayin mai nauyi ne, a jiki da a hali. Ƙarti biyu ne suka shigo da shi, suna nishi. Gefensa katako ne mai duhu da santsi, a bisansa kuma akwai fitilun gilashi takwas a jere, waɗanda idan ya farka suke yin ja a hankali kamar garwashi. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Hasali ma a nan matsalar take.

Ya kamata masu gaisuwa su san yadda aka haɗu. Shekara talatin Likita ya yi yana sunkuye a kan bakunan mutane, injin huda haƙori yana kuka a gefen kunnensa tun daga safe har yamma. Idan injin ya yi shiru, marar lafiya ya karɓa da nishi. Wata rana ya shiga wani kanti neman batir, ya tarar an kunna irin marigayin ana gwada wa wani. Ya ji mawaƙiyar da ke cikin faifan ta ja numfashi kafin ta fara baiti. Ya ji yatsan makaɗi ya zame a kan tsirkiya. Ya tsaya a wurin da ledar batir a hannu har sai da mai kantin ya tura masa kujera. Shekara huɗu bayan nan, bai canza mota ba, bai canza labulen asibitinsa ba, ya kawo marigayin gida tare da lasifika biyu masu tsawon mutum da garmaho na juya faifai.

Aka jera su a falo, aka haɗa kowace igiya a mazauninta. Saura a soka fulogi a bango. Likita ya ɗauki fulogin, ya dubi soket ɗin, ya daɗe yana dubansa, sannan ya nannaɗe fulogin a leda ya ɗaure da roba.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ita ce shugabar wata makarantar firamare, tana tsaye da tsintsiya.

"Lafiya, Baban yara? Ka kunna mana mu ji."

"Ba a wannan wutar ba," in ji shi. "Wayar da ke cikin bangon nan da firji ake raba ta, da fanka, da injin jan ruwa. Duk dattinsu a cikinta yake bi. Sai na ja masa tasa wayar shi kaɗai, tun daga mita."

"Kwana nawa ke nan?"

"Sati biyu. Uku in ya yi yawa."

Ita ce ta raɗa wa marigayin suna. Bayan wata guda, duk sanda ta zo goge ƙura sai ta ce, "Baƙon naka dai har yau bai buɗe baki ba." Sunan ya bi shi.

Iyalin ba sa son su tsawaita bayani a kan zaɓen wayar, amma gaskiya ta wajaba a takarda irin wannan. Likita ya karanta duk abin da aka rubuta a kan waya, da abin da aka rubuta don ƙaryata shi. Wasu suka ce jan ƙarfe mai kauri, silli ɗaya. Wasu suka ce a'a, mai silli-silli kamar gashi. Wasu suka ce kauri ba komai ba ne, rigar wayar ce ke ɓata sauti. Ya cika aljihun farar rigarsa da guntayen waya. Marasa lafiya da yawa za su iya ba da shaida cewa ya sa musu auduga a baki, ya ɗaga guntaye biyu a gaban idonsu ya ce, "Kai a ganinka wacce ta fi?" Da yake ba mai iya amsawa, kullum ra'ayinsa ne ke rinjaye, kuma ra'ayin nasa kowane mako sabo ne.

Masu aikin wuta uku suka zo suka tafi. Na farko ya ce waya waya ce, aka raka shi ƙofa. Na biyu ya yarda da duk abin da Likita ya faɗa, har da abubuwa biyu masu karo da juna, Likita ya gane bai san komai ba. Na uku ya auna bango, ya saurari bayani na awa biyu a kan soket, ya ce zai je ya ɗauko tsani. Har yau iyalin suna masa fatan isa lafiya.

A wata na takwas wani abu ya faru da ya kamata ya kawo ƙarshen jiran. Likita ya lura yana yawan cewa "Na'am?" idan an yi masa magana ta hagu. Ya je wurin abokinsa likitan kunne, aka sa masa abin ji a kai, aka ce ya ɗaga hannu duk sanda ya ji ƙara. Ya zauna yana jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Abokin ya ce injin huda haƙori ya ci rabonsa. Siraran sautuka sun fara barin kunnen hagu, na dama ma yana bin sahu a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Da ya gaya wa Malama, ta ajiye littattafan da take dubawa.

"To ka kwance ledar nan yau. Ka ji abinka tun kunnen yana nan."

"Shi ya sa ma ba zan yi gaggawa ba," in ji shi. "Abin da ya rage mini kaɗan ne. Ba zan ɓata shi a kan wutar firji ba."

"Baban yara, wutar firjin nan da ita muka rayu shekara ashirin da shida."

"Rayuwa daban, sauraro daban."

Ta dube shi irin kallon da take yi wa uban da ya zo makaranta yana rantsuwa ɗansa ba ya ƙarya. Ta koma kan littattafanta.

Mai aikin wuta na huɗu shi ne Baba Mai Waya, dattijo mai furfura da fensir a bayan kunne, wanda ya ja wutar rabin gidajen layin. Shi bai yi gardama ba, bai kuma yi fadanci ba. Ya ce a kawo wayar da aka zaɓa. Likita ya rufe ido ya zaɓi mafi kauri, wadda sai an sa gwiwa ake lanƙwasa ta. Aka fasa bangon falo daga kusurwa zuwa kusurwa. Aka sauke hoton aurensu aka jingine shi a bayan kujera. Ƙurar siminti ta shiga kwanuka, ta shiga aljihun tebur, ta shiga takardun jarrabawar 'yan aji shida. Aka tone furannin da Malama ta shuka a bakin taga, aka kafa sandar jan ƙarfe a wurin don wayar ƙasa mai zubar da rarar wuta. Malama ta kwashe furannin a bokiti, kwana uku kuma shayin Likita yana zuwa da sanyi.

Rana ɗaya kawai Baba ya ajiye kayan aikinsa. A kusa da mita akwai wani ƙaramin akwatin kariya da ya sa wa gidan tun da daɗewa, mai yanke wuta idan ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Baba ya ja sabuwar wayar zai bi da ita ta cikinsa. Likita ya riƙe masa hannu.

"Ban da nan, Baba. Akwatin nan yana shaƙe sauti. Na karanta."

"Dakta, ni ban san sauti ba. Na san wuta. Ranar da za ta haukace ba ta tambayar wayar wa ta fi tsada."

"Ka kewaye shi."

"In sa maka wani dabam, nasa shi kaɗai?"

"Duk ɗaya ne. Kai tsaye nake so."

Baba ya cire fensir daga bayan kunne, ya mayar. Ya leƙa kicin ya ce, "Malama, don Allah fito ki ji." Da ta fito ya ce, "Dakta, sake faɗa." Likita ya sake faɗa, da ɗan ƙarfi, don ya ji haushin a kafa masa shaida a gidansa. Baba ya ce to, ya kewaye akwatin.

Aka shafe bango, aka yi fenti, aka mayar da hoton aure. Sabon soket ya zauna fari tas a bayan kanta, ba mai taɓa shi.

Ranar Asabar Likita ya rufe asibiti. Ya yi wanka ya sa kaya masu kyau kamar mai zuwa taro. Ya auna tsakiyar lasifikan biyu da igiya ya ajiye kujera a wurin, ya ɗan karkata ta yadda kunnen dama zai fi samun rabo. Ya kwance ledar, ya soka fulogi, ya danna. Marigayin ya ce "tik", fitilunsa suka fara ja. Likita ya ɗora faifan da ya ji a kanti shekara biyar da suka wuce, ya sauke allura, ya zauna.

Iyalin suna shaida cewa marigayin ya cika alkawari. Numfashin mawaƙiyar ya fito. Ganga ta fito da faɗinta har ana jin ta a ƙafar kujera. Akwai wani ɗan ƙaramin kacau-kacau a can gefen hagu da Likita ya tuna yana nan, ya juya kai ya neme shi da kunnen dama, ya same shi. Malama tana bakin ƙofa da tawul a kafaɗa, ta ga maigidanta ya cire tabarau ya riƙe a hannu, bakinsa a ɗan buɗe kamar na marasa lafiyarsa.

Waƙa ta farko ta ƙare, ta biyu ta ƙare. Ana tsakiyar ta uku sai akwatin kariya ya ce "ƙas" daga waje. Fanka ta fara rage gudu. Firji ya yi shiru. Komai na gidan ya ɗauke, ban da Baƙo, wanda ke kan tasa wayar shi kaɗai. Fitilunsa suka tashi daga ja zuwa fari. Ya ce "mmmm", doguwa, mai hawa. Likita ya miƙe. Kafin ya taka taku biyu marigayin ya ce "tas", hayaƙi siriri ya fito ta bayansa, falo ya cika da ƙaurin roba. Faifan ya ci gaba da juyawa kaɗan ba murya, sannan ya tsaya.

Minti goma sha ɗaya. Likita ya duba agogo da ya fara, ya duba da ya ƙare, don bai san me zai duba ba.

Bincike ya nuna cewa wata waya ce ta kwance a kan falwayar bakin layi, wuta ta shigo gidaje da ƙarfi ninki. A gidan Likita ko ƙwan fitila ɗaya bai mutu ba. Firjin nan da aka yi shekara ana zagi ya tashi da yamma yana gurnaninsa kamar ba abin da ya faru.

Likita ya nemi wanda zai kama. Ya kira Baba Mai Waya. Baba ya zo ya duba soket, ya duba mita, ya ce aikin waya lafiya lau, ko ɗumi ba ta yi ba, ta kai wutar duka inda aka aike ta. Likita ya tsaya yana jira Baba ya ce "ai na faɗa maka", don ya samu abin da zai yi faɗa a kai. Baba ya sa fensir a kunne ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Dakta." Ya tafi. Likita ya ce a duk rayuwarsa ba a taɓa yi masa rashin mutunci cikin ladabi irin wannan ba.

Ranar Litinin aka kai gawar shagon mai gyara, Malama ta raka shi. Mai gyaran ya kwance murfi, ya haska tocila, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce babban naɗin wayar da ke ciki ya narke, allon da ke ɗauke da kayan cikinsa ya ƙone, ko kamfanin da ya ƙera shi sai dai ya ba da haƙuri. Sannan ya zare fitila ɗaya ya ɗaga ta sama.

"Amma dai ya yi muku aiki, Dakta. Fitilun nan sun ga kwana."

"Minti goma sha ɗaya," in ji Likita.

"A'a. Dubi duhun da ke jikin gilashin. Wannan ya yi awa ɗari uku, in bai fi ba."

Ran Likita ya ɓaci, kuma iyalin ba za su ɓoye ba, har da ɗan farin ciki a ciki. Ga mai laifi ya samu. Tsoho aka sayar masa a matsayin sabo. Ya zaro waya yana neman lambar mai kantin, yana faɗin abin da zai yi masa da inda zai kai shi.

"Baban yara," in ji Malama. "Ajiye wayar. Mu je mota."

A cikin mota, a gefen titi, injin a kashe, ta gaya masa. Tun ranar da ya dawo daga wurin likitan kunne ya ƙi kwance ledar, abin ya tsaya mata a rai. Washegari ta dawo daga makaranta ƙarfe biyu, gidan ba kowa. Ta ce bari dai ta ji abin da ya fi kunnen mutum muhimmanci. Ta kwance ledar, ta jawo doguwar igiya daga soket ɗin da take guga, ta soka.

"Soket ɗin guga," in ji Likita.

"Shi."

"Wanda murfinsa ya fashe. Wanda ake tokarewa da ashana."

"Shi dai."

Ta ce niyyarta ta ji sau ɗaya kawai. Amma daga ranar, kullum daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, tana duba littattafan yara Baƙo yana yi mata waƙa. Ko a watannin fasa bango, da ma'aikata sun tafi cin abinci take yaye zanen da aka rufe shi da shi. Ta bi faya-fayansa ɗaya bayan ɗaya, daga kan kanta ta sama har ta ƙasa, ta sake zagayowa. Kafin ya dawo ta bar shi ya huce, ta mayar da leda, ta ɗaure roba yadda ya ɗaure, zagaye uku.

Likita ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Maganganu da yawa suka zo masa. Ya so ya ce ta ci amanarsa. Ya so ya ce wutar guga ce ta raunana marigayin, amma mai gyara yana nan kusa, zai ƙaryata shi. Ya so ya tambayi dalilin da ba ta gaya masa ba, sai ya tuna ta gaya masa, a fili, da littattafai a gabanta. Wata mota ta yi musu ham a baya, ya yi mata hannu ta wuce.

Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Yaya sautinsa yake?"

"Mai daɗi."

"Malama, wata shida kina ji. Mai daɗi kawai?"

Ta yi ɗan tunani. "Akwai faifan nan mai koren bango. Akwai inda mai busa yake tsayawa, sai ka ji kamar wani ya ja kujera a bayansa, ya yi tari kaɗan. Ranar farko sai da na tashi na duba ko wani ne ya shigo gidan."

Shekara ashirin Likita yana da wannan faifan. Bai taɓa sanin akwai mai tari a ciki ba.

"Da ƙarar firji fa? Ba ta shiga?"

"Ban ji ba."

"Ko kaɗan?"

"Baban yara, ban ji ba."

Ya tayar da mota. Kafin su isa gida ya yi tsaki sau biyu, kuma Malama ta tabbatar ba da ita yake ba.

Marigayin ya rasu ya bar lasifika biyu, waɗanda ke tsaye a falo har yanzu suna fuskantar kujera. Ya bar garmaho, da faya-fayai ɗari biyu da 'yan kai. Ya bar waya mai kauri mita goma sha tara a cikin bango, cikin ƙoshin lafiya, wadda Baba ya ce za ta kai jikokin jikoki. Ya bar sandar jan ƙarfe a inda furanni suke a da. Ya bar Malama, wadda ta fi kowa saninsa, da Likita, wanda ya saye shi.

Za a yi rakiyar gawa ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe a shagon mai gyara, inda za a cire abin da ke da sauran amfani a raba wa mabukata. Katakon gefensa za a dawo da shi gida. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su zo da lambar wani mai aikin wuta, kada su fara magana da "ai da ka", kada kuma su tambayi ko za a sayi wani, don tambayar tana sa Likita ya tashi ya bar falon.

Za a karɓi gaisuwa a gida kullum har zuwa ƙarfe biyar na yamma. Daga biyar ba a ganin kowa. A lokacin ne Likita yake zaro faifai ɗaya ya miƙa wa Malama, ta zauna a damansa, ta gaya masa abin da ke ciki, inda ta manta kalma ta yi masa da ƙuginta. Muryarta ba ta waƙa ba ce, kuma takan tsallake tsakiya, shi kuma yakan tsayar da ita ya ce ba haka ba ne, ta ce to wa ya ji, ni ko kai. Sun kai faifai na tara. Wanda ya iso ya tarar da ƙofa a rufe, ya bar saƙonsa wurin maƙwabta, za a isar.